Na ce wa Baturiya “sorry”, ta ce ai ba ni na yi ba

Maman Iman:
Assalamu alaikum ’yan gida. Malaman Turanci, ku zo ku raba ni da wani abu da ya tsaya mini a rai. Wata huɗu ke nan da fara aikin jinya a nan Birmingham ta Ingila. Jiya da dare muna ɗakin shan shayi, wata abokiyar aikina Baturiya ta ɗauko kofi, ya suɓuce mata, ruwan zafi ya zubo mata a yatsu. Ni ina can gefe, ko kusa da ita ban je ba. Kafin in ankara bakina ya ce “Oh, sorry! Sorry!” Sai ta juyo tana yarfa hannu, ta ce, “Why? It wasn't your fault.” Wai don me, ai ba laifina ba ne. Wallahi ji na yi kamar ni ta watsa wa ruwan. Na san ba laifina ba ne mana, sannu nake yi mata! Karo na uku ke nan ana yi mini haka. To ni ce ban iya Turanci ba, ko su ne ba su san jaje ba?

Abba na Kwari:
Wa’alaikumus salam. Anti, ba su da tarbiyya ne kawai. Mutum ya ƙone, ka ce masa sannu, ya tsaya yi maka bincike kamar ɗan sanda? Gobe in ta faɗi daga bene ki wuce abinki.

Nura Ɗalibi:
A’a Yaya Abba, a faɗi gaskiya. Kuskuren namu ne. “Sorry” kalmar ban haƙuri ce, mai laifi ke faɗinta. Mu ne muka ɗauko “sannu” muka sa mata riga da wando na Turanci. Irin waɗannan ne ke kayar da yara a jarrabawar WAEC.

Malam Tukur Zariya:
Salamu alaikum. Maman Iman, sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Nura, zauna tukuna, ka yi saurin yanke hukunci.

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da Turanci a sakandare kafin in yi ritaya, kuma duk aji sai an yi wannan gardama. Abin da nake fara gaya wa yara shi ne, kalmar nan ba da ban haƙuri ta fara rayuwa ba. A tsohon Turanci, na shekaru dubu da suka wuce, “sarig” ce, daga “sar”, wato ciwo ko raɗaɗi. Daga wannan tushe ne “sore” ta fito, wadda ake cewa ga gyambo ko maƙogwaro mai zafi. Saboda haka wanda ya ce “I am sorry”, abin da ya faɗa a asali shi ne: raina na yi mini ciwo. Bai ce shi ya yi ba, bai ce ba shi ba ne. Ciwon yana iya zama na nadama, yana iya zama na tausayi. Ma’anar “ni na yi, a yafe mini” daga baya ta hau kan kalmar.

Har gobe Bature yana amfani da ita wajen jaje. In an yi maka rasuwa zai ce “I'm sorry for your loss”. In ka ce masa an kwantar da mahaifiyarka a asibiti zai ce “I'm sorry to hear that”. Ba wanda zai ɗauka shi ya sa mata ciwon.

Nura Ɗalibi:
To Malam, in haka ne me ya sa matar ta ce ba laifin Anti ba ne?

Malam Tukur Zariya:
Saboda ta faɗe ta tsirara. Nan ne gizo ke saƙar. A kunnen mutumin Ingila, “sorry” ita kaɗai, ba komai a gabanta ba komai a bayanta, kuma a daidai lokacin da abu ya faru, ta mai laifi ce. In jaje yake nufi sai ya yi mata jela: “sorry to hear”, “sorry about your hand”. Sannan su jajen nasu na babban abu ne, mutuwa, rashin lafiya, rasa aiki. Tuntuɓe, ƙwarewa, zubewar shayi, waɗannan ba sa yi musu “sorry”. Tambaya suke yi: “Are you all right?” Ko su ce “Oh no!” Mu kuwa ko tari mutum ya yi sai mun ce sannu.

Anti Bilki:
Ikon Allah. Wato mutum yana yarfa hannu, fatarsa ta yi ja, kai kuma ka tsaya tambayarsa ko lafiyarsa ƙalau? Da idona ina gani? Ni a wurina wannan ne rainin hankali, ba “sorry” ba.

Sadik Kumasi:
Hahaha Anti Bilki kin gama magana. Mu ma a nan Gana haka muke yi, kuma ba ’yan Zango kaɗai ba. Mutanen Asante suna da “kosɛ”, daidai take da sannu. In suka juya Turanci sai ta koma “sorry”, har a ninka ta, “sorry, sorry”. Ban taɓa jin wanda ya ce ba laifinka ba ne. Amsar ita ce “thank you”.

Malam Tukur Zariya:
Yawwa Sadik, ka kawo hujja. Bayarabe yana da “pẹlẹ”, Ibo yana da “ndo”, mai Suwahili a Kenya da Tanzaniya yana da “pole”. Duk kalmomi ne na tausaya wa wanda abu ya sama ba tare da ɗaukar laifi ba. Turanci ba shi da kalma guda da ke wannan aiki. Da ya zo ƙasashenmu ya tarar da gurbin, sai mutane suka jawo wadda ta fi kusa suka cike shi. Abin da miliyoyin mutane daga Accra har Nairobi suke yi kullum, kuma suna fahimtar juna, ni ba na kiransa kuskure. Karin harshe ne.

Kuma ka lura da amsar da Sadik ya faɗa. Mu “thank you” muke cewa, domin kyauta aka ba mu. Su “it's okay” ko “no worries” suke cewa, domin yafiya aka nema. Daga amsar kaɗai za ka gane kowa da abin da ya ji.

Nura Ɗalibi:
Malam, da girmanka, amma ban gamsu ba. In kowa zai riƙa lanƙwasa Turanci yadda ya ga dama ya ce karin harshe ne, me ya rage na koyo? Harshen na masu shi ne. In Bature ya zo Kano ya ce “ina kwana” da la’asar, dariya za mu yi masa, ba za mu ce karin harshe ba ne.

Malam Tukur Zariya:
Bature ɗaya ne ya yi, shi ya sa. Da a ce garin Turawa guda sun shekara ɗari suna Hausa a tsakaninsu, suna haihuwa a cikinta, da dole mu saurare su. Su masu harshen da kake karewa ma sun riga ka sauka. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, ciki har da “okada”, “danfo”, “tokunbo”, “next tomorrow” da “Kannywood”. Amma ka yi gaskiya a wuri ɗaya: a takardar jarrabawa, da kuma a Birmingham inda Maman Iman take, nasu za a yi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma in ka kwana a gidan wani ka san nasa kukan.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum jama’a. Ni wagga magana dariya take ba ni, don mu nan Nijar ba mu da wannan wahala. Faransanci ya rarraba abin. In ka taka mutum, “pardon”. In ka yi nadama, “désolé”. In an yi mutuwa, “mes condoléances”. In mutum na cikin wahalar aiki, “du courage”. Amma in yaro ya faɗi gabanka, wallahi ko wanda ya yi karatu Faransa “sannu” yake cewa, Faransancin guduwa yake. Ni sai da na fara zuwa Jibiya da Katsina sayen kaya na ji ana “sori, sori”, na ce su wa ke da laifi haka da yawa a ƙasar nan?

Abba na Kwari:
Mu ne, ɗan’uwa. Laifinmu ɗaya, mun sayar muku da atamfa bashi.

Ɗan Maraɗi:
To sori.

Barista Halima:
Na shigo a makare, amma bari in sa baki, don maganar nan ta wuce ta ɗakin shayi. Maman Iman, ke da kike aikin asibiti ya kamata ki san wannan ɓangaren. Harshen damo da kalmar ke da shi har kotu ya kai ta. Mota ta bugi mota, ɗaya ya fito ya ce “I'm so sorry”, gobe lauyan ɗayan ya miƙe ya ce ai ya amsa laifi da bakinsa. Shi ya sa kamfanonin inshora suka daɗe suna gargaɗin mutane kada su amsa laifi a wurin hatsari, likitoci ma suka riƙa kame baki in aiki ya ɓaci, alhali mai jinya ba abin da yake son ji kamar wannan kalma.

Sai da aka yi doka a kai. A Ingila da Wales, sashe na 2 na dokar diyya ta 2006 ya ce ban haƙuri shi kaɗai ba ya zama amsa laifin sakaci. A Kanada, inda na yi karatu, lardin British Columbia ya yi tasa dokar a 2006, Ontario ta yi a 2009, can Birtaniya kuma Scotland ta yi a 2016. Ku duba fa, majalisa ta zauna, an kashe kuɗi, don kawai a ba mutum damar ya ce sannu ba tare da an kama shi da ita ba. Abin da kakata a ƙauye take yi kyauta.

Maman Iman:
Barista, wallahi an gaya mana wannan a horon da aka yi mana da muka zo. An ce in an samu kuskure a kan majinyaci dole a gaya masa gaskiya a ba shi haƙuri, kuma yin hakan ba amsa laifi ba ne a shari’a. Lokacin ban gane dalilin da ya sa suke ta nanatawa ba. Yanzu na gane.

Amma abin da ya fi ɗaure mini kai, su ɗin nan da suka hana ni, ba wanda ya kai su faɗin kalmar. Na taɓa taka wata tsohuwa a bas, ni na taka ta, amma ita ta riga ni cewa “sorry”. In za su wuce ka a kanti, “sorry”. In ba su ji abin da ka ce ba, “sorry?” In za su tambaye ka hanya, da ita za su fara. Rannan na ga wani ya yi karo da ƙofa ya ce mata “sorry”.

Anti Bilki:
Ƙofa ta samu, ɗan Adam da ya ƙone bai samu ba. Allah mai iko.

Malam Tukur Zariya:
Waɗannan duk ba ban haƙuri ba ne, Maman Iman, man shafawa ne na zaman tare. Bari in jera miki su da Hausa, za ki ga mu kowanne da kalmarsa.

Ta wucewa a kanti, “gafara” ce, ko “gafara dai”. Ta rashin ji, wadda ake ɗaga murya a ƙarshenta, “na’am?” ce. Ta tsohuwar bas, wannan kunya ce irin tasu, kamar ta ce ƙila ni na sa ƙafata a hanyarki. In ma’aikacin banki ya ce “I'm sorry, we're closed”, ba nadama yake ba, “sai dai haƙuri” yake nufi, kuma ba zai buɗe ba. In ana gardama wani ya ce “I'm sorry, but”, to ki gyara zama, abin da zai biyo baya ba mai daɗi ba ne, daidai yake da namu “ba don na raina ka ba”.

Sannan ƙananan kalmomin da ke bin ta suna juya ta. “Sorry for” da aiki a gaba, kamar “sorry for shouting”, nadamar abin da ka riga ka yi ne. “Sorry to” kuwa na abin da kake yi yanzu ne ko za ka yi, “sorry to disturb you”. “Sorry about” ta fi kowacce santsi, tana ɗaukar laifinka, tana ɗaukar abin da ba ruwanka. Ita ce ma za ta fisshe ki: da kin ce “sorry about your hand”, da ba ta ce komai ba.

Wadda nake so ku kiyaye ita ce “I feel sorry for you”. Ɗalibaina da yawa sun ɗauka jaje ce mai kyau. A fuskar mutum, sau da yawa zagi ce, kamar ka ce “kai abin tausayi ne”. Haka “You'll be sorry”, wannan barazana ce tsagwaronta, “za ka yi da-na-sani”. In kuma aka ce abu yana cikin “a sorry state”, ya lalace ne, ya zama abin takaici.

Sadik Kumasi:
Malam ka manta da tamu ta gida: “Sorry for yourself!” In ka ba mutum haƙuri bai huce ba ya wurgo maka ita.

Malam Tukur Zariya:
Ban manta ba, tsoronta nake ji. Uwargida ta sha jefa mini ita.

Anti Bilki:
Tun da Malam ya buɗe wannan ƙofa, bari in shiga. Ni fa ina da ƙorafi a kan kalmar nan, kuma ba da Turawa nake ba, da mazanmu nake. Namiji zai yi miki abin da zai hana ki barci kwana uku, sai ya turo saƙo a waya, harafi biyar, “sorry”, wani ma “sowie” da ɗan hoton fuska mai hawaye. Shi ke nan wai ya ba da haƙuri. Ka ce masa ya faɗa da Hausa, ya ce “na yi kuskure, ki yafe mini”, sai ka ga maƙogwaro ya bushe. Don me? Don ta Turancin ba ta da nauyi a bakinsa. Aron ta ya yi, ba ta taɓa zuciyarsa. Kamar yadda yaro zai iya yin ashar da Turanci a gaban uwarsa amma ba zai iya da Hausa ba.

Abba na Kwari:
Anti, a yi mana adalci. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, mun sani, amma ku ma in an ce “yi haƙuri” sai ku ce haƙurin me, sai an karanto laifin tun daga ranar ɗaurin aure.

Barista Halima:
Anti Bilki ta taɓo wani abu, amma ni zan juya shi ta wani gefen. Mun taru muna ta yabon Hausa, to ku dubi “yi haƙuri” ɗin da kyau. Umarni ne fa. Wanda aka cuta shi aka ba aiki: kai ka yi haƙurin. Mai laifi bai ce komai a kan kansa ba. Ɗan adaidaita zai goge maka mota ya ce yi haƙuri, wanda ke tsaye a gefen titi ma ya ce yi haƙuri, ɗan sandan da ya zo shi ma ya ce yi haƙuri. A cikin ukun nan wa ya amsa laifi? Babu. Aƙalla “I am sorry” da “ni” ta fara, mai magana ya sa kansa a ciki. Saboda haka mu ma muna da tamu kalmar mai harshen damo, ba mu lura ba ne don a cikinta aka haife mu.

Anti Bilki:
Shi ya sa ban ce “yi haƙuri” ba, Barista. Cewa na yi “na yi kuskure, ki yafe mini”. Ko “na tuba”. Waɗannan ba su da ƙofar baya.

Barista Halima:
Haka ne Anti, na karɓa. A Turanci ma mai rufe ƙofar bayan ita ce “I apologise” ko “it was my fault”.

Malam Tukur Zariya:
Barista ta kama ni, ban taɓa kallon “yi haƙuri” ta wannan fuska ba, ga shi na tsufa a aji. Abin dariya kuma, ita “apology” ɗin da yanzu ta fi ƙarfi, a Girkanci inda aka samo ta, “apologia” jawabin kare kai ne a gaban alƙalai. Wato asalinta ma musun laifi ce. Kalmomin nan biyu sun yi musayar riga a hanya.

Injiniya Kabiru:
Ina ta karatu ban ce komai ba, amma maganar ƙofar baya ta tuna mini da wani abu da na bi a rediyo ina saurayi. Ranar 1 ga Afrilun 2001 jirgin leƙen asirin Amurka ya yi karo da jirgin yaƙin Chaina a sama. Matuƙin Chaina, Wang Wei, ya mutu, na Amurka ya yi saukar gaggawa a tsibirin Hainan na Chaina da mutum 24 a ciki. Chaina ta riƙe su ta ce sai an ba ta haƙuri. Amurka ta ce ba ta yi laifi ba. Aka yi kwana goma sha ɗaya ana ja. Da me aka warware? Jakadan Amurka ya miƙa wasiƙa da aka rubuta “very sorry” sau biyu a ciki, ɗaya kan mutuwar matuƙin, ɗaya kan saukar jirgin ba da izini ba. Chaina ta gaya wa mutanenta an ba da haƙuri, Amurka ta gaya wa nata jaje kawai ta yi. Aka saki mutane, kowa ya tafi gida da nasara. Wato abin da ya haɗa Maman Iman da Baturiyarta shi ne ya raba manyan ƙasashe biyu faɗa.

Abba na Kwari:
Kai! Ashe sannu Amurka ta ce, Chaina ta ji na tuba.

Barista Halima:
Daidai. Kuma in gwamnati tana tsoron ko wannan santsin ya yi yawa, sai ta gudu zuwa “regret”. A Ostireliya, Firaminista John Howard ya yi shekaru yana ƙin cewa “sorry” ga ’yan asalin ƙasar da aka ƙwace wa ’ya’ya, ya tsaya a kan “regret”. Jama’a suka ware ranar 26 ga Mayu, tun daga 1998, suka sa mata suna “Sorry Day”. Sai ranar 13 ga Fabrairun 2008 Kevin Rudd, Firaministan da ya gaje shi, ya miƙe a majalisa ya faɗi kalmar. Wani abin da zai ba ku sha’awa, su ’yan asalin ƙasar a nasu Turancin zaman makoki “sorry business” suke ce masa. Kun ga su ma ta jaje suka riƙe, kamar mu.

Birtaniya ma haka ta yi da Kenya. A watan Yunin 2013 William Hague, yana sakataren harkokin waje, ya sanar da biyan fam miliyan 19.9 ga mutum 5,228 da aka azabtar lokacin tawayen Mau Mau na zamanin mulkin mallaka. Kuɗi sun fito, amma kalmar da ya yi amfani da ita “regret” ce, kuma ya ce gwamnati ba ta amsa alhaki a shari’a ba.

Ɗan Maraɗi:
To Barista, mene ne bambancin? Ni duk ɗaya nake jin su.

Barista Halima:
“Regret” takaici ne, “abin bai yi daɗi ba”. Kana iya takaicin ruwan sama da ya hana ka fita. Ba ta buƙatar ka dubi idon kowa. Ƙanwarta ita ce “I'm sorry if anyone was offended”, wadda ’yan siyasa da ’yan fim suke rubutawa a Facebook in sun yi ɓaranɓarama. Wannan “if” ɗin ita ce ƙofar bayan. Fassararta: in ma akwai wanda ya ji haushi, to matsalarsa ce.

Nura Ɗalibi:
Na sauko daga kan maganar kuskure, Malam, amma rabi. Har yanzu ina ganin in malami yana koyarwa ya kamata ya gaya wa yara cewa “sorry” ɗin sannu ba ta tafiya ƙasar waje. Mu ba wanda ya gaya mana. Da an gaya wa Anti tun a makaranta da ba ta ji kunya jiya ba.

Malam Tukur Zariya:
Wannan rabin na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma laifinmu ne mu malamai. Muna koyar da nahawu, ba ma koyar da inda ake ajiye magana. Ni kaina sai da wani Bature da muka koyar tare ya yi tuntuɓe a bakin ofis, na ce masa “sorry”, ya dube ni ya ce ai ba ni na ajiye dutsen ba, sannan na koma na buɗe ƙamus. Lokacin na shekara takwas ina koyarwa.

Abba na Kwari:
Malam, tambaya ta ƙarshe daga ɗan kasuwa. Wani ya karɓi kayana tun kafin azumi, duk sati sai ya turo “sorry Alhaji”. A cikin waɗanda ka jera, wacce ce wannan?

Malam Tukur Zariya:
Ta ma’aikacin banki ce, Alhaji. An rufe.

Maman Iman:
Jama’a na gode, yanzu na dawo daga aiki na karanta duka. Ga rahoto. Na ga Baturiyar, yatsun sun yi sauƙi, ta sa ɗan bandeji. Na yi mata bayani cewa a wurinmu kalmar tana nufin na ga abin da ya same ki, kuma ban ji daɗi ba. Ta ce ita ma ta lura ma’aikata ’yan Najeriya da Gana duk haka suke yi, ta ɗauka tsabar ladabi ne ya sa muke ɗaukar laifin da ba namu ba.

Wajen ƙarfe uku na dare wani dattijo majinyaci ya buge gwiwar hannu da ƙarfen gado. Na shirya tsaf zan ce “Are you all right?” kamar yadda Malam ya koyar. Ina buɗe baki “sorry” ta riga ta fita. Shi dai bai ce komai ba, hannunsa yake murzawa.

Malam, saura ɗaya. Ita “You all right?” ɗin nan, kullum da safe sai sun ce mini ita ko ban ƙone ba ko ban faɗi ba. Satin farko har madubi na riƙa dubawa ko fuskata ta nuna rashin lafiya. Rannan na tsaya ina ba wata labarin ciwon bayana, na ga tana ta kallon agogo.

Malam Tukur Zariya:
Subhanallahi, kin ba ta labarin ciwon baya? Wannan “ina kwana” ce kawai, ’yata, “lafiya lau” ake cewa a wuce. Ki je ki kwanta. An kira la’asar a nan, in na dawo masallaci sai mu ɗauko ta.